Katakon Yaya

Yayana bakanike ne na injin dizal, kuma ban taɓa ganin mutumin da ke tsoron sana'arsa kamarsa ba. Ya haura shekara talatin yana kwance injin yana ɗaurawa, amma har gobe in za a tayar da mota a garejinsa sai ka ga maƙogwaronsa yana sama da ƙasa. Maƙwabtansa na layin, mai walda da mai faci da mai fenti, Farar Kura suke ce masa in ya ba da baya. Ni ma na faɗa, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Ni ne autan gidanmu, direba ne ni, kuma Allah bai yi wa bakina birki ba.

Wani katako ne ya jawo masa sunan. Guntu ne mai kauri, faɗinsa bai wuce tafin hannu biyu ba. Ya manna masa robar tiyub a fuska ɗaya, ya kafa masa mariƙi a ɗayar, ya rataye shi a ƙusa jikin ginshiƙin ƙofar gareji. Duk motar da aka taɓa wa tabon injin, wato turbo, ko tiyon iska, ba a murza mata makulli sai ya sauko da katakon nan ya tsaya da shi a gefen injin. Mota ta tashi lafiya, ya saurara, ya mayar da abinsa ƙusa. Shekara ashirin da shida yana haka, katakon bai taɓa yin aiki ko sau ɗaya ba. Wata rana mai fenti ya zana masa ido biyu da gashin baki don tsokana. Yaya bai yi dariya ba, bai kuma goge ba.

Mu biyar Inna ta haifa, shi ne na fari. Baba tela ne, ya so Yaya ya gaje shi, sai dai Yaya ya fi son kwance keken ɗinki a kan taka shi. Ranar da Baba ya dawo ya tarar da kekensa a baje a kan tabarma, kowane noti an ajiye shi a murfin kwalba, sai ya nemi wuri ya zauna. Ya jira aka mayar da komai wurinsa, ya taka ya ji keken ya fi da laushi, washegari ya kama hannun ɗansa ya kai shi wurin wani bakanike da kowa ke kira Oga. Inna ta ce a wancan zamanin Yaya ba ya gudun komai, ko faɗa ake da wuƙa sai ya kutsa ya ga irin wuƙar.

Yana da shekara ashirin da huɗu abin ya faru. Oga ya riga ya yaye shi, amma ya ƙi tafiya, suna aiki tare. Aka kawo wata babbar mota suka canja mata tabo, wato farfelar nan da hayaƙi ke juyawa tana cusa wa injin iska. Iskar tabo zafi gare ta, don haka kafin ta shiga injin sai ta bi ta intakula, wani abu mai kama da lagireto a gaban mota, ta huce. Abin da ba su duba ba shi ne tsohon tabon ya daɗe yana yoyon baƙin mai, man kuma ya gangara ya kwanta a gindin intakular.

Injin dizal ba ya zaɓen abinci. In baƙin mai ya biyo iska ya shiga cikinsa, ƙone shi zai yi tamkar dizal, daga nan kuma makulli ba shi da ta cewa. Ka kashe, ka zare makullin ka sa a aljihu, injin yana nan yana ƙara gudu, yana zuƙar mansa yana ci, har sai an toshe masa iska ko ya tarwatse. Masu gyara cewa suke injin ya haukace.

Ranar nan ya haukace musu. Oga yana gefe yana kokawa da bututun mai, ya ɗaga murya ya ce, "Toshe iskar!" Yaya ne ya fi kowa kusa da bakin tabon. Ya dubi bakin, ya dubi ƙofa, ƙafafunsa suka yanke masa hukunci. Yana bakin titi ya ji ƙarar. Filawil, faifan ƙarfen nan mai nauyi da ke juyawa a bayan injin, ya fashe ya fito, wani ɓangare ya sami Oga a cinya. Kafin a isa asibiti jini ya ƙare.

Ba wanda ya ga laifinsa, don duk wanda ke wurin ya gudu. Ni shekarata takwas lokacin, abin da nake tunawa kawai Inna zaune a bakin ƙofar ɗakinsa da kwanon abinci a cinya, tana kiransa a hankali, shi kuma ya ƙi buɗewa. Da ya fito bayan kwana huɗu, abin da ya fara nema zarto ne da guntun katako.

Tun daga nan tsoro ya zauna masa. Ya yi aure, ya haifi 'ya'ya huɗu, ya buɗe garejinsa, amma matarsa ta ce ko murfin tukunya ya yi ƙara sai ya miƙe tsaye. Tukunyar gas ta kicin ɗinsu kuwa ta fi kowace tukunya a duniya shan wanka, don duk mako sai ya shafe bakinta da kumfar sabulu yana neman yoyo. Aikin da wani zai gama kafin azahar, shi sai ya kwana biyu a kai. Masu gaggawa suka guje shi, masu doguwar hanya suka riƙe shi. Matar Oga kuma har ta tsufa shi ke gyara mata famfo da ƙofa duk ƙarshen mako, tana ce masa ɗana, shi kuma bai taɓa iya kallon idonta ba.

Sau ɗaya tak ya yi mini maganar. Ranar da na karɓi lasin tuƙi ne, na je ina yi masa burga, na ciro katakon ina fifita da shi, na ce, "Yaya, wai me ya sa ka rataye makaminka a bakin ƙofa? Ai kusa da injin ya kamata ya zauna."

Ya karɓe shi daga hannuna, ya zaunar da ni a kan wata tsohuwar taya.

"Auta, kana zaton injin nake tsoro?"

"To me kake tsoro?"

Ya nuna ƙafafunsa. "Waɗannan. Ranar nan ban ce musu su gudu ba, su suka tafi da ni. Na yi katako na rataye, amma wallahi ban sani ba ko ranar da za a neme shi zan tsaya. Shi ya sa na sa shi a ƙofa. In sun sake ɗaukata, ko ba komai zan gan shi kafin in fita."

Na yi 'yar dariyar yaƙe, na ce Allah ya kiyaye, na kawo wata hira. Amma maganar ta tsaya mini a rai, don ban taɓa jin babban mutum ya ce bai yarda da ƙafarsa ba.

Bara ne ranar ta zo, kuma ni na kawo ta da hannuna.

Motar da nake ja ta wani mai sayar da kayan gini ce, tan biyar, mai dogon bonet, kuma tana da halinta. Ƙofar direba in ta rufu ba ta buɗuwa ta ciki, sai na sauke gilashi na miƙa hannu waje na ɗaga mariƙi ina dukanta da kafaɗa. Mariƙin sauke gilashin ma ya cire, a aljihun gaban mota nake ajiye shi. Yaya ya ce in gyara ya fi sau goma, ni kuma ina ce masa ai tsaro ne, ɓarawo ko ya shiga ba zai fita ba.

Sai motar ta fara nawa. Hawan da take haurawa da giya ta uku ya koma sai da ta biyu, tana bulbulo baƙin hayaƙi, masu babur a baya suna yi mini addu'ar da ba ta alheri ba. In na taka totur sai in ji wani huci a ƙarƙashin bonet. Da safe kuma in tarar da ɗigon baƙin mai a ƙasa, daidai kusurwar intakula. Na leƙa na ga 'yar tsaga a gindinta. Na san in na kai wa Yaya kwana biyu ne a ƙalla, don haka na tsaya wurin wani mai gyaran lagireto a bakin hanya, ya kankare wurin ya liƙe da gam mai haɗi biyu. Ɗigo ya tsaya cak. Na ji daɗi, har ina cewa ashe ma abin ba sai an je jami'a ba.

Amma hucin bai tsaya ba, nawar ma sai gaba. Baƙin mai ya riƙa sauka a geji, duk kwana uku sai na ƙara, alhali ba ya ɗiga a ƙasa. Ban taɓa tambayar kaina ina yake zuwa ba. Bayan mako uku na haɗiye girman kai na shiga garejin Yaya da hantsi.

Garejin dogo ne ƙuntatacce, rufin kwano, mota ɗaya yake ci. In ka shiga da gaba, gefen fasinja yana manne da bango, ko kyanwa sai ta rame kafin ta bi ta wurin. Yaya ya ɗaga bonet ya tokare, ya tsaya yana kallo, hannunsa a baya.

"Auta, tun yaushe take wannan hucin?"

"Bai fi mako ba, Yaya."

"Tana shan baƙin mai?"

"Ko ɗigo. Duba geji ka gani." Da safen nan na cika shi, shi ya sa na faɗa da ƙarfin hali.

"Wani ya taɓa ta?"

"Wa zai taɓa ta ina da kai?"

Ya daɗe yana kallona kafin ya ɗauki farin tsumma. Ya fara da bututun hayaƙi, wato salansa, ya shafa yatsa a ciki ya murza ya shinshina. Ya dawo ya bi tiyoyin iska ɗaya bayan ɗaya, daga tabo zuwa intakula, daga intakula zuwa injin, yana matsa kowanne, yana girgiza kilif. Ya ce iska ba ta da launi, amma ba ta fita ita kaɗai, duk inda ta bi sai ta bar maiƙo, ƙura ta manne a kai. Sannan ya cire bututun da ya taso daga matatar iska, bakin tabon ya bayyana. Ya sa yatsa biyu ya kama tsakiyar farfelar ya motsa. Na ga fuskarsa ta canja.

"Tana rawa," ya ce. "Ga kuma danshi."

"Ai tsohuwa ce, Yaya. Wace tsohuwa ce haƙorinta ba ya rawa?"

Ko murmushi bai yi ba. Ya ɗauko wani gwangwani da aka dasa wa bawul ɗin taya da agogon iska, ya haɗa shi da bakin tabon, ya ɗaure da kilif. Ya jawo tiyon kwamfireso ya fara ba da iska kaɗan-kaɗan, don ya ce in aka cika, abin da bai fashe ba ma zai fashe. Allurar agogon ta hau, yana sakin hannu ta zame ta dawo ƙasa. Ya leƙa waje ya roƙi mai walda ya kashe injin gurzarsa na minti biyu. Wuri ya yi tsit. Ya sake ba da iska, ya rufe ido, ya karkatar da kai. Ni ma na ji ta, siririya, tana fita daga wani wuri can gefen fitila.

Yana da wata robar ruwa da ya huda wa murfi, cike da ruwan sabulu. Ya fesa a mahaɗa ta farko, shiru. Ta biyu, shiru. Ya fesa a tiyon sama, daidai inda ya lanƙwasa ya shige ƙarƙashin kilif, sai kumfa ta taso tana kumbura tana fashewa. Ya juya tiyon ya nuna mini, tsaga ce tsawon ɗan yatsa, a ɓoye ta ciki inda ido ba ya kaiwa. Ya ciro sabon tiyo daga kanta ya sa, ya ɗaure kilif biyu, ya sake ba da iska. Wannan karon allura ta tsaya, sai ɗan saukar da ya ce ba laifi ba ne.

Na ce alhamdulillahi, na fara goge hannu duk da ban taɓa komai ba. Shi kuwa bai gama ba. Ya ɗauki ƙaramar sifana ya zura hannu ta bayan bamba, ya ƙwanƙwasa saman intakular, ta amsa ƙwal, ƙwal. Ya ƙwanƙwasa gindinta, ta ce dum. Ya sake, dum. Gumi ya tsatsafo masa a goshi.

"Akwai abu kwance a cikinta. Auta, don girman Allah, motar nan tana shan mai?"

Nan ne ya kamata in faɗi gaskiya. Amma na riga na yi ƙarya uku, kuma kunyar ƙani a gaban wansa ba ƙarama ba ce.

"Na ce maka ba ta sha."

"To ko tana sha ko ba ta sha, sai na cire ta na juye. Bamba zai sauka, lagireto zai matsa. Ka dawo gobe da yamma."

"Gobe? Yaya, siminti na jirana, maigidana ya kira sau huɗu."

"Siminti ba ya ruɓewa." Ya kwance gwangwanin daga bakin tabon ya ajiye. "Notin bamban nan sun yi tsatsa, bari in aro dogon ƙarfe wurin mai walda. Kada ka taɓa makulli. Ka ji ni? Kada ka taɓa."

Yana fita wayata ta sake ƙara. Ban ɗauka ba, amma raina ya ɓaci. Na ce ni fa ba tafiya zan yi ba, ji kawai zan yi ko hucin ya tafi, minti ɗaya. Shekara ashirin da shida katako na rataye bai ga komai ba, sai yau a kaina? Na hau, na jawo ƙofa, ta rufu ƙarap.

Bugu ɗaya ta tashi, muryarta garau. Na ɗan taka totur, babu huci, sai feɗuwar tabo mai daɗi irin wadda na manta. Na yi murmushi, na ce bari in nuna wa Farar Kura. Na taka sosai, na ɗaga ƙafa.

Ƙarar ba ta sauka ba.

Na zaci totur ne ya maƙale, na sa yatsun ƙafa na ɗago shi, yana sama abinsa. Allurar gudun injin ta wuce inda na saba ganinta tana tafiya. Na murza makulli na kashe. Na zare shi gaba ɗaya, ga shi a tafin hannuna, injin kuwa sai ƙara ihu yake.  Na taka kulochi na nemi babbar giya in shaƙe shi, giyar ta ƙi shiga, sai gurzar haƙora. Ta madubi na ga wani farin hayaƙi mai kauri yana tuɗaɗowa daga salansa, ya rufe ƙofar gareji, ya fara cika rufi. Kwanon sama yana karkarwa, sifanu suna zubowa daga kanta.

Na daki ƙofa da kafaɗa, ko gezau. Na buɗe aljihun gaba in ciro mariƙin gilashi, komai ya zube, mariƙin ya gangara ƙarƙashin kujera. Na rarrafa ƙofar fasinja, ta buɗe faɗin yatsa huɗu ta daki bango. Na bugi gilashi da gwiwar hannu har sau uku, gwiwar ce ta ji jiki. Sai na tuna inda filawil yake. Yana nan ƙarƙashin ƙafafuna, tsakanina da shi falle ɗaya na ƙarfe da tabarmar roba.

A waje ina jin ihu sama-sama, wani yana cewa a gudu, za ta fashe. Sai ga Yaya ya ɓullo daga cikin hayaƙi, hannu babu komai. Ya kama mariƙin ƙofata ya ɗaga, ya ja, ya sa ƙafa a jikin mota ya sake ja. Girgizar ta riga ta cije ƙofar. Muka haɗa ido ta gilashi. Wallahi ba yayana mai furfura na gani ba, wani saurayi na gani ɗan shekara ashirin da huɗu, ido ya firfito, leɓe na rawa. Ya dubi wajen injin. Ya dubi ƙofar gareji. Na ga abin yana zuwa tun kafin ya zo, na buga gilashi ina kiran sunansa, ko ni ban ji muryata ba.

Ya juya ya zura da gudu, hayaƙi ya haɗiye shi.

Ban ji haushinsa ba, abin da ke ba ni mamaki ke nan har yau. Ai ya gaya mini, a kan tsohuwar taya, na yi dariya. Tsoro kawai na ji, irin wanda ke busar da yawu ya sassauta mara. Na ɗauke ƙafafuna na ɗora a kan kujera na dunƙule, kamar hakan zai hana wani abu. Na tuna 'yata mai wata bakwai, da Inna, da wanda zai je ya gaya mata cewa ɗanta na fari ya sake gudu, wannan karon autanta ya bari a ciki. Ƙarar ta daina kama da ta injin, ta koma wani siririn kuka da ke huda haƙori. Na yi kalmar shahada na rufe ido.

Ban san me ya sa na buɗe ba. Wani abu ya gifta ta gefen gilashi, a sunkuye, yana tari. Ta 'yar tazarar ƙarƙashin bonet na hango hannu biyu da katako. Bai kai ga ɗorawa ba tabon ya fizge shi, ya manne da ƙara kamar an mari ƙofa. Injin ya shaƙe, ya yi gurnani, ya sake yunƙurawa. Yaya ya kwanta a kan katakon da ƙirjinsa, fuskarsa taku ɗaya daga ƙarfen da ke neman tarwatsewa. Na ga tiyoyi suna shanyewa suna lotsawa, injin yana neman iska ta ko'ina. Da tsohon tiyon nan mai tsaga ne a wurin, da injin ya samu iskar. Sabon ya riƙe. Motar ta yi jijjiga sau biyu, ta yi wani dogon nishi, ta mutu.

Shirun da ya biyo baya ma abin tsoro ne. Ba ka jin komai sai ƙarfe yana ƙas, ƙas yana hucewa, da tarin Yaya. Bai ɗaga ƙirjinsa daga katakon ba sai da mai walda ya lallaɓo ya dafa shi ya ce, "Ta mutu, malam, sake ta haka." Da ya ɗago, yatsunsa biyu na hagu da katakon ya danne sun fashe, farce ɗaya ya tafi. Shi da mai walda suka sa dogon ƙarfen nan suka ɓalle ƙofata. Na sauko na zauna a ƙasa cikin ruwan sabulu. Wandona a jiƙe yake, kuma ba duka ne ruwan sabulu ba.

Na jira mari, bai zo ba. Yaya ya naɗe yatsunsa da tsumma, ya ce a kawo ƙarfen, a ranar ya sauke bamba. Da aka ciro intakular aka karkata ta a kan roba, baƙin mai ya yi ta zuba, abin da injin ya rage ma ya kusa cika galan ƙarami. Ya juya gindinta, ga gam ɗina a manne, fari tas. Ya kankare shi da sifana a hankali.

"Wa ya liƙe?"

"Ni na sa aka liƙe, Yaya. Mako uku ke nan. Kuma tana shan mai, duk kwana uku nake ƙarawa."

"Tiyon sama na zubar da iska, tabo na wahala yana zubar da mai. Tsagar nan ta ƙasa ita ke fitar da shi waje. Ka toshe wa mota inda take fitsari, ka ci gaba da ba ta ruwa." Ya ajiye sifanar. "Da ka gaya mini, da makullin yana aljihuna."

Iyakar faɗan da ya yi mini ke nan, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Na yi kuka a gaban mai faci da mai fenti, ban damu ba.

Labari ya bazu a layin kafin la'asar. Masu ce masa Farar Kura suka riƙa shigowa ɗaya-ɗaya suna taɓa katakon, suna kallon zoben da bakin tabo ya bari a jikin robar. Mai faci ya ce shi dama ya san mutumin nan namiji ne, alhali shi aka tsinto a bayan shagon mai kayan gyara, takalmi ɗaya a ƙafa.

Bayan kwana uku na koma in taya shi share gareji, don hannunsa na ɗaure. Na ga ya mayar da katakon ƙusarsa ta bakin ƙofa. Na ɗauko guduma na ce, "Yaya, bari in dawo maka da ƙusar nan ciki, kusa da inda injin ke tsayawa. Ai yanzu ka sani. Ka je ka ɗauko, ka dawo."

Ya riƙe mini hannu da hannunsa mai lafiya. Ya waiga ya tabbata ba kowa, sannan ya rage murya.

"Auta, ba wajen katakon na nufa ba."

Na tsaya da guduma a hannu.

"Da na juya, gudu nake. Na manta da kai, na manta da katako, titi kawai nake nema. Ƙafata ɗaya ta riga ta taka waje. Sai na gan shi a cikin hayaƙi, da idanun nan da shaƙiyyin nan ya zana masa, yana kallona." Ya saki hannuna. "Bar shi inda yake."

Na mayar da guduma kanta. 

Har yau Yaya yana nan a garejinsa, yana kwana biyu a kan aikin yini ɗaya, yana haɗiyar yawu in za a murza makulli. Farcen bai sake fitowa ba, kunnensa na dama kuma yana yi masa ƙugi. Na gyara ƙofar motata a makon, na kuma daina yi wa bakanike ƙarya. Hayaƙi da baƙin mai sun dusashe zanen katakon, don haka ran nan da na biya na tarar Yaya ya kai wa mai fenti da kansa. Ya ce gashin bakin ba dole ba ne, amma idanun a sake su, a yi su manya.